Tambaya da Amsa: Na Ci 288 a JAMB, In Canza Jami'a Ko In Zauna Inda Nake?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni 'yarki ce daga Agege, shekarata 18, a nan Legas aka haife ni a nan na yi firamare da sakandare amma Babanmu asalinsa mutumin Gwarzo ne ta jihar Kano, yana harkar dabbobi a abatuwa ta Oko-Oba. Anti bara na zana JAMB na samu 187, wallahi na yi kuka har na gaji, babu inda aka ɗauke ni, shi ya sa bana da na je cike fom jikina a sanyaye na ce bari in rage buri, na sa LASU, jami'ar jihar Legas, a zaɓin farko da kwas ɗin maikurobayoloji, alhali ni likita nake so in zama tun ranar da na raka Mamanmu asibiti na ga ta kasa faɗa wa likita abin da ke damunta, ga ba ta jin Turanci ga shi namiji ne tana jin nauyi. To sai ga sakamako ya fito, na tura saƙo 55019 hannuna yana rawa, na ga 288. Sau uku ina dubawa. Turanci da bayoloji da kemistiri da fiziks na zana. WAEC ɗina ta bara ce zama ɗaya, Turanci C5, lissafi B3, bayoloji B2, kemistiri B3, fiziks C4.

Yanzu kaina ya kulle. Malaminmu na lesin ya ce in koma UNILAG, jami'ar tarayya ta Legas, in sa likitanci, Baffana na Kano ya kira ya ce in sa BUK, jami'ar Bayero, in zo in zauna wajen Gwaggo, Baba kuma ya ce a bar abin da ke hannu, shi ba ya son in yi nisa. Akwai kuma wani a kafe da ya ce in kawo dubu 70 zai yi min canjin kuma ya tabbatar min da adimishan. Don Allah Anti me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Alhamdulillah, Allah ya sanya albarka. Ki san abin da kika riƙe tukuna, saboda na lura da yadda kika rubuta kamar har yanzu ba ki yarda naki ba ne. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, cikin yara kusan miliyan 1.9 da suka zauna jarabawar sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Ke kin tashi daga 187 zuwa 288 a shekara guda, wato kin ƙara maki 101, kuma ban san wata hanya da ake yin haka ba sai zama da littafi lokacin da wasu ke barci.

Ni ra'ayina ki canza. Fom ɗin da kika cike tsoro ne ya cike miki shi, kuma in kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Sai dai canjin yana da lissafi, shi nake so mu yi tare, don na ga yaran da murna ta ɗebe su suka saki reshe suka kama ganye.

Bari in fara kawar da mutumin kafe don shi ne mai sauƙi. Kada ki ba shi ko sisi. Canjin makaranta ko kwas abu ne da JAMB da kanta ta tanada, ana yin sa a cibiyar CBT (wurin jarabawar kwamfuta) da aka amince da ita ko a ofishinsu na Ikoyi, kuma a shekarun nan kuɗinsa naira 2,500 ne sai ɗan abin da cibiyar za ta karɓa na aikinta. Adimishan kuwa tun 2017 ta manhajar JAMB mai suna CAPS yake fitowa, jami'a ta tura suna JAMB ta amince, babu wani ɗan kafe da yake da hannu a ciki. Kuma don Allah kada ki ba kowa lambar sirrinki ko layin wayar da kika yi rajista da shi, wannan layin ki riƙe shi kamar takardar gida.

To mu zo UNILAG tunda malaminku can ya nuna miki, kuma na san me ya sa. Makaranta ce mai suna tun 1962, ga kwalejin likitancinta nan a Idi-Araba jikin asibitin koyarwa na LUTH a tsakiyar 'yan uwanmu Hausawa, ga jirgin ƙasa yanzu daga Agege zuwa Yaba, Baba zai iya ganin ki duk mako. Duk wannan gaskiya ne. Amma UNILAG ba da makin JAMB kaɗai take ɗauka ba. Yadda take yi a shekarun nan, JAMB kashi 50 ne, Post-UTME, wato jarabawar tantancewa da jami'ar take yi da kanta, kashi 30, sakamakon sakandare kashi 20. Makin JAMB ana raba shi da 8, to 288 ya zama 36 ke nan. A WAEC kuma A1 maki 4 ne, yana sauka har C6 mai maki 2, in na haɗa naki guda biyar ɗin nan suna ba ni 15.2. Kin ga kina da 51.2 kafin ki shiga ɗakin Post-UTME. Ko da kin cinye 30 ɗin nan kaf babu kuskure ko ɗaya, iyakarki 81.2. Shi kuma kat-of, wato mafi ƙarancin makin da ake ɗauka, na likitanci a can, na layin cancanta, wajen 80 yake yawo, wata shekarar ya wuce. Kin ga dai ƙofar ba a rufe take ba amma tsaga ce 'yar siririya, kuma mutanen da za ki yi turereniya da su a bakinta akwai masu 320 da 340 da A1 a jere. Ban faɗi wannan don in karya miki gwiwa ba, na faɗa ne don malaminku 288 kawai ya kalla, bai kalli C5 da C4 ɗin nan ba, su kuma a Akoka, inda UNILAG take, ana kallon su.

Akwai kuma abin da yaranmu na Legas ba sa sani sai ya buge su. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari na cancanta ne kowa da kowa, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka lissafa an bar su a baya a karatun boko. Kuma jihar da ake dubawa ita ce ta asali wadda kika sa a fom, ba inda aka binne cibiyarki ba. Yankin UNILAG shi ne Legas da Ogun da Oyo da Osun da Ondo da Ekiti. Ke da aka haifa a Agege, kina jin Yarbanci kamar jakar Iyaloja, kin san kowace kwanar danfo daga Pen Cinema zuwa Oshodi, a takarda 'yar Kano ce, don haka wannan kashi 35 ɗin babu ke a ciki. Abin yana min ciwo duk lokacin da zan yi wa yaro bayaninsa, iyayenmu sun fi shekara ɗari suna zaune a garin nan suna ciyar da shi nama da tumatir da albasa, amma haka tsarin yake kuma da shi za ki yi aiki bana. Kano tana cikin jihohin kashi 20 ɗin can, wannan zai iya taimaka miki a UNILAG, sai dai jihohi sama da 20 ne ke raba shi, ba abin da zan ce ki shimfiɗa tabarma a kai ba ne.

A BUK lissafin yana juyawa. Can kina da ƙofar cancanta, kina da ta yanki, kina da ta ukun ma. Kada ki ɗauka banza ce, yaran Kano masu ƙoƙari suna da yawa kuma kowa likitanci yake so, ga shi hukumar likitoci ta MDCN tana ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa gurbin yake tsada a ko'ina. Amma in aka ce in ajiye 288 ɗinki a wuri ɗaya don neman likitanci, a Kano zan ajiye shi ko a ABU Zariya kafin Akoka. Kuma ki tuna dalilin da ya sa kike son aikin nan. Mamanki ce ta kasa magana a gaban likita. A asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano za ki koyi tambayar majinyaci da Hausa, ki ji yadda tsohuwa take kwatanta ciwonta, wannan ilimi ne da za ki dawo da shi Agege da Idi-Araba da Mile 12 inda matanmu suke ta neman macen da za ta saurare su da harshensu.

LASU ɗin da kike kai ma tana da likitanci, kwalejinta tana Ikeja, kusa da ku sosai. Za ki iya barin makarantar a yadda take ki canza kwas kawai. Amma jami'ar jiha ce, 'yan asalin jihar ta fi ba fifiko, kuma a kwas irin wannan da gurbi ya yi kaɗan bambancin yana fitowa sosai.

Abin da Baba ya faɗa yana da tushe, kada ki raina shi. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Da 288 maikurobayoloji a LASU kusan a tafin hannunki yake, kuma ranar da kika cire ta daga zaɓin farko to ki ɗauka kin sake ta, domin manyan jami'o'in gwamnati masu zaɓin farko suke dubawa, zaɓi na biyu galibi suna ne kawai a takarda. Makin nan kuma na shekara ɗaya ne, ba a ajiye shi zuwa baɗi. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki da dare ke kaɗai bayan kin yi istihara ita ce, in na je BUK ban samu likitanci ba suka mayar da ni wani kwas, zan karɓa? Don hakan yana faruwa sosai, wanda bai kai ba amma makinsa yana da kyau jami'a takan miƙa masa anatomi ko fisiyoloji ko bayokemistiri, saƙon ya zo masa a CAPS ya amince ko ya ƙi. In amsarki ita ce eh zan karɓa, to asarar da za ki yi kaɗan ce, kin gwada abin da ranki yake so kuma ko ba a dace ba za ki faɗa kan kwas ɗan uwan wanda kika bari. In kuwa kin san ba za ki iya zaman Kano kina karanta abin da da kin zauna a gida ma za ki karanta ba, to ki faɗa wa kanki gaskiya tun yanzu.

Ga wata magana da masu zuga ba sa faɗa. Likitanci shekara 6 ne in babu yajin aiki, kuma kin ga na ASUU a 2022 wata 8 ya ci. Bayan nan ga shekarar koyon aiki a asibiti, ga bautar ƙasa. Za ki fito kina dab da 26 ko 27, ƙawayenki na Islamiyya wasu da 'ya'ya biyu, kuma dangi za su yi magana, musamman ke mace. Littattafai da kayan aiki suna cin kuɗi. Akwai bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, yana biyan kuɗin makaranta a jami'o'in gwamnati ya kuma ba da dubu 20 a wata, yana rage zafi amma bashi ne, ki sa shi a lissafi a matsayin bashi. Ina so ki shiga da idonki a buɗe, ni na yarda za ki iya, yarinyar da 187 bai kwantar da ita ba karatun asibiti ba zai kwantar da ita ba in Allah ya so.

Sai Baba. 'Yata, kada ki yi canjin nan a ɓoye, ko da kin san ke ce da gaskiya. Karatun shekara 6 ba a fara shi da ɓacin ran uba. Kuma ki fahimce shi, mutumin da ya baro Gwarzo ya zo ya raini 'yarsa a gabansa, yanzu a ce ta hau mota ta yi kwana a hanya, da irin labaran da muke ji na hanyoyin nan, dole gabansa ya faɗi. Ba ilimin yake ƙi ba, da yana ƙi da bai biya miki lesin shekara biyu ba. Kada ki tare shi da gardama yana dawowa daga abatuwa a gajiye. Ki fara da Mama, ki bari Baffa ya kira shi su yi magana ta 'yan uwa, Gwaggo ma ta buɗe baki ta ce ta ɗauki amanar. Sannan ki ɗauki biro da takarda ki rubuta masa lissafin nan da na yi miki, 36 da 15.2 da 30, mutumin kasuwa ne, lamba yake ganewa fiye da kuka. Ki nuna masa cewa ba garin baƙi za ki ba, jiharsa ce, sabuwar BUK ma a kan titin Gwarzo take, hanyar garinsu. In bayan duk wannan ya ce a'a Legas dai, to ki yi masa biyayya da zuciya ɗaya, ki zaɓa tsakanin gwada likitanci a LASU da komawa UNILAG ki sa wani kwas na ɓangaren lafiya da jimillar makinki za ta kai, ki nemi kat-of na bara na kowane kwas ki auna da 51.2 ɗinki da abin da kike ganin za ki iya ci a Post-UTME. Ko a haka kin fi inda kika fara.

Abu ɗaya da ba zan yafe miki ba shi ne jan ƙafa. 'Yar ƙanwata haka ta yi shekarun baya, makinta ya yi kyau, aka zauna ana shawara yau gobe, wannan kawun ya ce kaza wancan ya ce kaza, ranar da aka tsai da magana ta je ta yi canjin, kafin sunanta ya bayyana a wajen makarantar sun rufe rajistar tantancewa. Ta rasa can ta rasa inda ta baro, shekara guda ta zauna a gida, har yau in na tuna fuskarta a ranar raina yana ɓaci don ni ma ina cikin masu cewa a bari a ƙara tunani. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Canji yakan ɗauki kwanaki kafin jami'ar ta gan shi, don haka ki ba kanki mako ɗaya ki gama da gida, ki je cibiya da kanki, ki karanta abin da aka shigar a kwamfuta kafin a tura, ki karɓi takardar shaida ki adana. A zuwa ɗayan ki sa su ɗora WAEC ɗinki a shafinki na JAMB in ba a ɗora ba, rashin wannan kaɗai yana hana mutum adimishan. Kuma in wani tayi ya shigo CAPS kada ki danna amincewa sai kin tabbata shi kike so, in kika karɓa an rufe miki sauran ƙofofin na bana.

Daga yau kuma ki koma kan littafi. 288 ya kai ki bakin ƙofa, jarabawar tantancewa tana gaba, ki nemi tambayoyin shekarun baya na makarantar da kika tsayar, fiziks ɗin nan da kika samu C4 ki ba shi lokaci fiye da sauran. Ki rubuto min in an gama magana da Baba, ina son in ji. Ki gaishe min da Mama.

Tambaya:

Salam Anti. Ni ɗanki ne daga Mile 12, ina taya yayana sai da albasa da safe in je lesin da yamma. Ban zaci zan wuce 200 ba sai na samu 263. Kimiyyar siyasa na cike amma yanzu abokaina suna cewa da wannan makin in koma lauya kawai. Turanci da gwamnati da tattalin arziki da IRS (darasin addinin Musulunci) na zana. Zai yiwu?

Amsa:

Wa alaikas salam ɗana, sannu da ƙoƙari, wanda ya tashi da asuba ya sauke buhu sannan ya kawo 263 ya cancanci a yaba masa. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, matsalarka ba maki ba ce, darussan da ka zana ne. Makaranta ana canzawa, kwas ana canzawa, amma darussa huɗun da ka riga ka zauna jarabawarsu sun zauna ke nan. Karatun lauya a mafi yawan jami'o'i yana buƙatar adabin Turanci a JAMB, a WAEC ma ana neman kiredit a cikinsa, kai kuma babu shi a jerinka. In ka canza a haka makaranta za ta ajiye ka a gefe ko da makinka ya fi na wanda ta ɗauka.

Kafin ka yanke, ka buɗe kundin JAMB da ke intanet wanda suke kira IBASS, kyauta ne, ka duba jami'o'in da ke haɗa shari'ar Musulunci da dokar zamani, ka karanta sharuɗɗan kowacce da idonka, kada ka dogara da na baki. In ka ga wadda darussanka suka shiga, to bismillah. In babu, ka bar kwas ɗinka yadda yake ka yi amfani da makin wajen ɗaga makaranta, 263 a kimiyyar siyasa ko aikin gwamnati yana da ƙarfi a jami'ar tarayya.

Kuma na lura ka ce abokanka ne suke cewa ka koma lauya, ban ji ka ce kai kana so ba. In har kana so a ranka, hanya ita ce ka yi rajistar adabin Turanci a WAEC ko NECO ta masu zaman kansu da ake yi ƙarshen shekara, ka sake JAMB baɗi da darussan da suka dace, amma ka karɓi gurbin bana ko ka bari, wannan ku zauna da yayanka ku duba, tunda shi yake riƙe da kai kuma shi ya san abin da aljihu zai ɗauka.